Neman gadon Ummi, daga Katangowa zuwa Balogun

A gidan biki a Zangon Agege ba a maganar ɗaki, maganar inda mutum zai sa haƙarƙarinsa ake yi. Na san haka tun kafin mu taso daga Kano, domin auren autar su maigidana ne, kuma dangi daga Katsina da Sabon Ibadan da Kwatano duk sun ce suna tafe. Ni kuma ina ɗauke da Ummi, takwarar surukata, 'yar wata huɗu da ta fara koyon juyi. A gida tana da gadonta na katako a gefen namu, amma wannan ba ya shiga jirgi. Abin da ke jirana a Legas katifa ce shimfiɗe a ƙasa, da mata uku ko huɗu a kai, kowacce ta wuni tsaye a bakin murhu. Macen da ta tuƙa tuwon biki, idan ta kwanta ko ganga aka buga mata ba ta ji. Ban so 'yata ta kwana a tsakaninsu ba, ni kaina ban amince da nauyin barcina a irin wannan gajiya ba.

Da na ce zan sayi gado mai naɗewa a Kano, Anti Balaraba, yayar maigidana, ta hana ni ta waya. Ta ce, "Ki bari ki zo. Duk abin da kike gani a Sabon Gari ta Apapa ya biyo." Aikin jinya take yi, haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakinta ya fi Hausa gudu. Na bar maganar a hannunta.

Tafiyar da motocin shanu da albasa ke kwana suna yi, jirgi ya cinye ta a awa ɗaya da rabi. Muna fitowa daga filin jirgin Murtala Muhammed iska mai ɗumi da laima ta rufe mu. Zafin Kano ƙona fata yake yi, na Legas jiƙa mutum yake, kafin mu kai gadar Pen Cinema rigar Ummi ta manne mata a baya. Daga nan kuma sai ka rantse Fagge ka shigo: masu canji, masu tsire, masu goro da huhunansu, yara na wasa suna zagin juna da Hausa suna ba da haƙuri da Yarbanci. Hajiya, surukata, takan ce goro ne ya kawo mahaifinta Ikko. Layin dogo ya isa Kano a 1911, Agege kuwa ƙasar goro ce da ke bakin layin, fatake suka riƙa sauka suna saye suna lodi, har wasu suka kafa gida.

Hajiya ta karɓi Ummi tana juya ta. Da ta ji zancen gado sai ta ce, "Wace irin kishiya ce wannan, daga zuwa sai an saya mata ɗaki? Mu da muka haifi tara, duk a jikinmu suka kwana." Na sunkuyar da kai, ba ni da bakin amsa wannan. Anti Balaraba ce ta amsa: "Hajiya, lokacinku ai tabarma ce da katifar rimi da ta daddale. Ba wannan soson da mutum ke nutsewa a ciki ba." Hajiya ba ta tanka ba, ta miƙa hannu bayan gado ta jawo tsarabar da ta tanada: katifar jarirai ɗin nan mai tattausan gefe zagaye, da ɗan filo, da gidan sauro mai buɗewa da kansa. Kusan duk mai jego a Arewa tana da irinta, a kayan suna ake kawowa. Na yi godiya har ƙasa. Da muka keɓe, Anti ta danna tafin hannunta a tsakiyar katifar, ta ɗaga, sawun hannun ya zauna. Ta ce idan hannu ya nutse haka, fuskar jariri ma za ta nutse, kuma ɗan wata huɗu da ya kife ba lallai ya iya ɗago kai ba. Muka yanke cewa da rana za a riƙa shimfiɗa Ummi a kai, idonta biyu, mutane na kallo.

Ƙa'idar Anti ba ta da tsawo. Jariri ya kwanta rigingine, a shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙiya ba mai gangare ba, kuma kada a sa komai a ciki sai shi. Ta ce mutuwar da jarirai ke yi cikin barci ba tare da wata rashin lafiya ba ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, daidai shekarun Ummi ke nan. A Amurka, bayan an fara gangamin kwantar da jarirai rigingine a 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Ƙungiyar likitocin yara ta can, a shawarar da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida, amma kowa da shimfiɗarsa. Wannan ya kwanta mini a rai, domin ba raba ni da 'yata aka ce a yi ba.

Da Katangowa muka fara, tunda ita ce kusa. Muka hau danfo ta hanyar Abule-Egba muka sauka a Super. Kasuwar gwanjo ce mai girman gaske, ana farke diloli ana rububi, kuma Hausawa sun cika ta. Muka sami wani bawan Allah Basakkwace mai kayan yara, kekuna da kujerun mota da gadaje jingine a bango. Ya ce duk tokumbo ne, daga Turai da Amurka. Ya buɗe mana na farko da saurinsa. Anti ta ce ya matsa, ta ɗora hannu biyu a kan sandar sama ta danna. Sandar ta karye daga tsakiya, ta lanƙwashe ƙasa, ɓangarorin biyu suka haɗe baki. Ya ce ai ɗan gyara ne, a sa waya a ɗaure. Anti ta ce, "Malam, a wannan bakin wuyan yaro ke shiga."

Ba tsoratarwa take yi ba. A 1998, a birnin Chicago, wani yaro ɗan wata 16 ya rasu a gidan reno lokacin da sandar irin wannan gado ta rufta ta maƙure shi. Abin da ya fi ciwo, shekara biyar kafin nan an sanar da janye wannan samfurin daga kasuwa, amma labarin bai kai ga masu gidan renon ba. Iyayensa suka tashi tsaye, har dokar kare masu saye da Amurka ta yi a 2008 ta ɗauki sunansa a sashen kayan jarirai. To idan a cikin ƙasar da aka ƙera gado sanarwa ta kasa isa, wa zai biyo kwantena har Abule-Egba ya ce da Basakkwacen nan kayansa na cikin waɗanda aka janye?

Na biyu da ya nuna mana shi ya fi ɗaukar ido, kuma na ga mata biyu na tayawa. Ɗan ƙaramin abu ne mai lilo, jariri na kwance a kishingiɗe, kai sama ƙafa ƙasa, ga laushi. Nauyinsa bai kai na jakar hannuna ba, kuma yana naɗewa tsaf. Wannan ƙirar ce ta jawo babbar magana: a watan Afrilun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye samfurinsa mai suna Rock 'n Play, kusan guda miliyan 4.7, bayan rahoton mutuwar jarirai fiye da 30, zuwa 2023 kuma adadin da aka ruwaito ya kai kusan 100. Idan jariri ya yi barci a kishingiɗe, kansa mai nauyi yakan rinjayo gaba, haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar numfashi ta matse, ko kuma ya juya ya kife a jikin laushin. A 2022 Amurka ta haramta sayar da duk abin barcin jarirai da gangarensa ya wuce digiri 10, tare da matasan da ake zagaye cikin gado da su. Anti ta gaya wa matan nan da Yarbanci. Ɗaya ta ajiye, ɗaya ta ce nata yaron ba ya barci sai a irinsa, ta biya ta tafi.

Na uku ya kusa shiga raina. Ƙarfensa lafiya, sandunan na kullewa, ragar gefe ba ta yage ba. Sai dai katifarsa ta asali ta ɓace a hanya, an yanko soso mai kauri an ɗinka masa riga mai kyau. Mai kayan yana ganin wannan ƙari ne, har ya sa shi cikin kuɗi. Ƙa'ida ita ce kada tazarar da ke tsakanin katifa da bango ta wuce yatsu biyu. Nawa hannun gaba ɗaya ya shige. Bangon irin wannan gado raga ce mai miƙewa, don haka jariri na iya gangarawa cikin wannan rami ya maƙale tsakanin soso da raga, fuska a jikin soso. Shi ya sa katifarsu ta asali take siririya, faranti ne mai tauri da ɗan laushi a sama. Na duba ƙasa ko zan ga takardar da ke ɗauke da lambar samfuri da ranar ƙira, in bincika a waya ko yana cikin waɗanda aka janye, na tarar an kankare ta. Ba na ƙyamar gwanjo. A ranar ma na cika leda da rigunan auduga na Ummi, sun fi sababbin shago inganci. Amma riga idan ta yage gani ake yi, makullin gado kuwa sai ya saki ake sani.

Babban kantin Ikeja da ke Alausa kallo kawai muka yi, farashin da dala yake tafiya. Amfanin shigarmu shi ne mun karanta takardu a natse cikin sanyi. Gadajen ƙirar Turai suna ɗauke da lambar ƙa'idar inganci EN 716, na Amurka ASTM F406. Na kuma ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Masu sauƙin suna wajen kilo 6, manyan masu taya da tarkace suna kai kilo 10 har su wuce.

Zuwa cikin Eko jirgin ƙasa muka hau, jan layin da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Daga Agege ya bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya sauke mu a Oyingbo. Da katin Cowry ake biya, Anti ta ara mini nata na biyu. Ta taga ina kallon motoci jere a titi ba sa motsi, mu kuwa muna wucewa, Ummi na barci a bayana. Daga Oyingbo danfo ya haye gadar Carter da mu ya zube mu a Idumota. Wanda bai taɓa shiga Balogun ba, ba zai gane ba ko an kwatanta masa. Kasuwa ce da ta cinye tituna da benaye, 'yan dako na ture mutane da kaya a ka, ta ko'ina ana jan mayafinka ana "Alhaja, Alhaja". Na mayar da goyon gaba na rufe ta da hannu.

Shagon da muka shiga a hawa na biyu yake, matattakalar da ƙyar take ɗaukar mutum ɗaya. Mai shagon Bayarabiya ce mai fara'a, kuma ta san abin da ke sayuwa. Ta sauko mana da wani gado da ke da komai: rumfa, kiɗa, 'yan tsana masu reto, teburin canza ƙunzugu a sama, aljihuna, ga kuma saitin matasai da bargo da filo duk launi ɗaya. Ta ce shi amare da masu kayan suna ke ɗauka. Na yarda da ita. Duk wanda ya kai wannan gidan suna za a yi masa guɗa. Amma rabin abin da ke jikinsa sai an cire kafin a kwantar da yaro, sauran rabin kuma nauyi ne da zan ɗauka a kafaɗa. A can ƙurya na hango wani toka-toka, ba ado ba kwalliya, raga ta ko'ina. Anti ta ce a sauko da shi.

A nan muka daɗe, har matar ta fara kallon agogo. Na ce ni zan haɗa shi da hannuna, ba yaron shago ba, domin ni ce zan riƙa haɗa shi da tsakar dare. Irin waɗannan sai an fara ɗaga sandunan sama huɗu, kowacce ta yi ƙas ta kulle, sannan a danna tsakiyar ƙasan ya baje. Idan aka fara danna ƙasan, sandunan ba sa kullewa, kuma daga nesa sai ka ɗauka sun kullu. Na danna kowace sanda da nauyina, na girgiza shi, na ja shi a ƙasa, bai yi ko gezau ba. Na bi ragar da yatsa ina neman inda zare ya saki. Idanun raga bai kamata su kai milimita 6 ba, don kada ɗan yatsa ko maɓallin riga ya shige. Na shafa kusurwoyi ko akwai ƙusa ko wani ƙulli da ya fito wanda zai iya kama wuyan riga. Katifar ta cika ƙasan bam, kuma tana da maɗaurai da ke ratsawa ta ƙasa su riƙe ta, yaro ba zai iya ɗaga gefenta ya shige ba. Anti har sunsuna ta ta yi, ta ce akwai masu warin roba da ke hawa kai.

Akwai wani ɗan bene da ake ratayawa a sama don sabon haihuwa, matar ta so ta haɗa mana da shi. Littafin gadon ya ce a daina amfani da shi idan jariri ya kai wajen kilo 7 ko ya fara yunƙurin ɗagowa. Ummi ta riga ta fara juyi, muka bar mata kayanta. Ƙasan kuwa zai ɗauke ta har ta kai tsawon santimita 89, ko nauyin wajen kilo 14, ko ranar da ta fara ɗora ƙafa tana neman haurowa, duk wanda ya riga zuwa. Takardar da ke manne tana da lamba da ranar ƙira da sunan kamfani, na bincika ban ga an janye shi ba. Ban ɗora dukkan yardata a kan takarda ba, domin a Legas babu tambarin da ba a iya bugawa. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan da ake shigowa da su, amma a cikin shago daga ke sai hannunki.

Sai maganar sauro, wadda littafin gadon bai ce komai a kai ba, don ba a ƙasar sauro aka rubuta shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Kwatocin Agege kuwa ba sa bushewa. Gado babu gidan sauro a nan aikin banza ne, amma gidan sauron da ya yi lanƙwasa ya sauko kan fuskar yaro shi ma haɗari ne. Muka gwada har muka sami mai roba a baki wanda ke kama gadon ya ɗame sosai, ko an taɓa shi ba ya lotsawa.

Ciniki Anti ta yi, da Yarbanci, ni dai na ga an yi dariya, an yi fushi, mun kai bakin matattakala an kira mu. Muka yi azahar a Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, na shayar da Ummi a ɓangaren mata. A hanyar komawa ne na gode wa Allah da ban ɗauki mai rumfa ba. Tun 2022 aka hana acaɓa a wannan yanki, don haka a ƙafa muka ratsa kasuwa, ga goyo ga jaka a kafaɗa. Kwandasta ya kalli jakar ya ce sai an biya kuɗin kaya, Anti ta ɗora ta a cinya ta ce ya nuna mata kujerar da ta tare. Muka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, muka yi ta rarrafe a kan ruwa har la'asar ta wuce.

Inda za a kafa gadon ma sai da aka yi shawara. Jikin taga akwai igiyar labule, kuma ta wannan gefen janareta yake, hayaƙinsa na shigowa. Ɗaya bangon akwai ƙusa da aka rataye hijabai, ga wayar caji na reto. Muka tura akwatuna muka ba shi kusurwar da babu abin da hannu zai kai ko zai faɗo. Kaskon turaren wuta na roƙa a riƙa kai shi falo, maganin sauro na hayaƙi kuma aka daina kunna shi a ɗakin. Wata gwaggo ta sa wa Ummi ɗan zaren ado a wuya, ina cire shi duk lokacin barci in mayar da safe, ba ta taɓa lura ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda gado marar kowa ke jan kaya a gidan biki. Ka juya baya kaɗan sai ka tarar da anko, da jakar wata, da ledar cincin a ciki. Yara kuma suna ganin ɗakin wasa aka kawo musu. Hajiya ce ta kashe wannan da tsawa ɗaya: "Kada wanda ya ƙara ajiye tsinke a ɗakin kishiyata." Amma kan katifar ba mu taɓa daidaitawa ba. Kullum sai ta danna ta ce, "Balaraba, a kan katako kuka kwantar da baiwar Allah," ta ɗauko bargo a ninke. Kullum Anti sai ta karɓe ta ce, "Hajiya, nauyinta nawa yake? Taurin ke yake damu, ba ita ba." Zanin gado ɗaya mai roba muka sa, Ummi kuma riga ɗaya marar nauyi. Idan ina son sanin ko zafi ya dame ta, bayan wuyanta nake taɓawa, in na ji gumi in rage.

Yana da nasa wahalar. Daren farko ta ƙi shi, sai da na riƙa sa ta barcin rana a ciki ta saba da ƙamshinsa. Ƙasansa kuma can ƙasa yake, mai jego da ke sunkuyawa ta ɗauko yaro sau da yawa cikin dare bayanta zai gaya mata. Akwai masu zif a gefe, da uwa za ta kwanta kusa ta lallaɓa yaro sannan ta zuge, wanda ya samu irinsu da sauran sharuɗɗan a cike ya fi ni dacewa. Kuma bayan shayarwa, lokacin da ido ke rufewa, mayar da ita gadon na buƙatar ƙarfin hali. Na koma shayarwa a zaune, ba na jingina.

Ranar kai amarya Idi-Araba dare ya yi mana, ruwa ya sauko, aka ce 'yan rakiya su kwana. Kafin a gama rabon tabarmi na kafa gadon a kusurwar falo, na ɗame gidan sauro. Da safe na tarar ƙasan katifar ya yi danshi saboda sanyin tayil da laimar garin, na jingina ta a baranda ta sha iska kafin in naɗe. Idan aka naɗe shi da danshi a Legas, fumfuna ba ta jira.

A filin jirgi an auna shi tare da akwatina, na sa aka naɗe jakar da leda saboda yadda ake jifa da kaya. Da muka isa gida Kano ban ajiye shi haka nan ba, na buɗe na sake danna sandunan huɗu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun kullu. Robar ƙafa ɗaya ce ta fita, na same ta a gindin jakar na mayar, na cusa littafin a aljihun jakar tare da gidan sauron, don tafiyar Katsina da ke gabanmu da Babbar Salla.